Kurakuran Gamzaki

Jikata ta zo da shi a cikin waya,
ta ce, "Kaka, zo ka sha dariya,
an tono tsohon shirin nan naku."
Na goge tabarau, na ce ta ƙara murya.

Gamzaki. Kashi goma sha uku, baƙi da fari.
Labarin bai da wuya: rana ta fara mutuwa,
sai mutum huɗu suka hau jirgi
zuwa wata duniya can bayan Zara,
su sammo wuta, yadda ake aiken yaro maƙwabta.

Jirgin kuwa gangar kananzir ce guda biyu
da muka taya a Sabon Gari har rana ta yi tsaka.
Yunana mai walda ya haɗa su a Tudun Wada,
marafan kwalba suka zama maɓallai,
kwanon sha ya sha fenti ya zama hular sama.
Taurari, baƙin yadi ne muka huhhuda da basilla,
Iliya na baya riƙe da fitila, sauro na cin sa.
Duniyar da ba a taɓa takawa ba
gindin Kufena ce, bayan an cire dawa.

Ni ne mai littafi.
Aikina in rubuta wa ya sa me, wa ya tsaya ina.
Don haka duk abin da kuka ƙirga, ni ke da shi.

Kashi na biyu, Kande ta shiga ƙofa da shuku,
ta fito da kalaba.
Daƙiƙa ɗaya ce a wurinku,
mu mako uku muka yi muna jiran kuɗin fim.
Kashi na biyar, Kyaftin na rantsuwa
babu mai rai a wannan ƙasa,
sai ga akuya a bayansa, da igiyarta, ba ta ko gaggawa.
Na shida, dodon ya ɗaga ƙafa, ga silifa.
Na bakwai, ana tsaka da yaƙin taurari
ƙararrawar Wusasa ta buga sha biyu.
Jikata har da hawaye. Ni ma na dara.

Sai ta ce, "Ga babban, Kaka, kashi na tara:
Kyaftin ya shiga kogo dogo, ya fito gajere,
kuma daga nan bai sake cire hula ba."

Na yi shiru. Fanka na ta juyi.

Barau ne ya shiga kogon, ran Laraba,
da wushiryarsa, da dariyar da ke ɓata mana ɗauka.
Alhamis ya hau motar Kaduna sayo batir.
Wanda ya fito ƙanensa ne, Tanimu,
bayan sadakar bakwai,
mun naɗe masa hannun riga sau biyu.
Hazon da kuke gani a gilashin hular
mun ce iskar baƙuwar duniya ce.
Yaro ne ke kuka a ciki,
yana nuna hanya da hannu, don rubutu ya ce ya nuna.

A kashi na ƙarshe sun kawo wutar a kasko.
Ba wanda ya tambayi yadda garwashi ya kai gida.

Ta ce yanzu ana iya gyarawa,
a share akuyar, a ƙara wa Kyaftin tsawo.
Na ce a bar min akuya.

Akwai ma wanda ba ku gano ba:
kashi na uku, agogon Barau na hagu,
ya juya, ya koma dama.
Bakin gangar ne ya yanke shi, ya sauya hannu,
ya ƙyafta min ido, ban rubuta ba.

Mayar da shi baya kaɗan.
A'a, kafin nan.
Tsaya. Ga hannun.